Torbel: Ƙauyen Da Ke Ƙidaya Shanunsa Da Ciyawar Hunturu

Ran 1 ga watan Fabrairu na shekarar 1483 magidantan wani ɗan ƙauye da ke maƙale a jikin duwatsun Alps, cikin ƙasar da a yau ake kira Suwizalan, suka taru suka ƙulla yarjejeniya a tsakaninsu, aka rubuta ta, aka adana. Sunan ƙauyen Torbel. Abin da suka shirya a kai shi ne, duk baƙon da ya sayi gona ko gida a ƙasar ƙauyen, to, gonarsa ya saya, amma bai sayi ikon kora saniyarsa makiyayar gari ba, balle saran itace a dajin gari, sai fa in jama'a sun yarda sun karɓe shi. Bayan shekara 34, watau cikin 1517, suka ƙara wata doka, cewa kada kowa ya kai shanu makiyaya da suka wuce waɗanda zai iya ciyarwa a gidansa lokacin hunturu. Dokokin nan biyu su ne suka sa ƙauyen da mutanensa ba su fi 500 ba ya zama abin karatu a jami'o'in duniya. Amma mai karatu ba zai ga hikimarsu ba sai ya san irin wurin da aka yi su.

Torbel yana cikin jihar Walis a kudancin Suwizalan, kuma mutanensa wani karin harshen Jamusanci suke yi. Ƙauyen yana zaune a tsawon mita 1,500 daga teku, watau ya ɗara birnin Jos tudu, a wani gangare mai fuskantar kudu, bisa garin Stalden, inda kwarin da ya fito daga Visp ya rabu biyu, reshe guda ya nufi Zermatt. Duk ƙasar ƙauyen ba ta kai murabba'in kilomita 18 ba, amma a tsaye take kamar tsani. Daga ƙasa, kusa da kogi, akwai 'yan gonakin inabi. Sama da su gonakin hatsi da filayen ciyawa da gidaje, sa'an nan daji, sa'an nan makiyayar da ake kira Moosalp a wajen mita 2,000. Daga nan sai dutse tsagwaronsa har kusan mita 3,000.

Wanda ya ji an ce Suwizalan zai zaci ƙasa ce mai yawan ruwan sama, amma wannan kwarin shi ne mafi fari a ƙasar duka. Manyan duwatsu sun tare hadari ta kowace fuska, har ruwan da ke sauka a gindin kwarin cikin shekara bai cika kai milimita 600 ba, ƙasa da abin da Kano ke samu. Saboda haka tun zamanin da mutanen Torbel suka haƙa hanyoyin ruwa a jikin dutse, inda ba ya haƙuwa suka fafe itace suka jera, suka jawo ruwan ƙanƙarar da ke narkewa daga nesa zuwa filayensu. Kowane gida da lokacinsa na ban ruwa, ko da rana ko da tsakar dare, kuma a da ana gane lokacin ne da inda hasken rana ko inuwa ta kai a jikin dutse.

Ban ruwan nan kuwa galibi ba na hatsi ba ne, na ciyawa ne. A can hunturu kan yi watanni dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa, saniya ba ta da abin ci sai ingiricin da mai ita ya yanka da lauje lokacin zafi, ya shanya, ya kimsa a rumbu. Filin ciyawa na mutum ne shi kaɗai, yana gadonsa, yana iya sayar da shi. Makiyayar bisa dutse kuwa, da daji, da hanyoyi, da magudanan ruwa, na gari ne, kamar dai hurumi. A nan ne wayon dokar 1517 yake. Ba ta faɗi adadin shanu ba, ba ta kuma bukaci wani ma'aikaci daga birni ya zo ya auna ciyawar makiyaya ba. Ta ɗaure rabon mutum a kayan jama'a da abin da gumin kansa ya tara, abin da kuma maƙwabcinsa ke gani da idonsa. A ƙauyen da kowa ya san girman filin kowa, da wanda ya kwana da shanu uku a garke duk tsawon hunturu, ba yadda za a yi mutum ya sayo goma da bazara ya kora su dutse su yi ƙiba a banza, ya sayar da su da kaka. Wanda ya gwada, akwai wakilin da aka zaɓa ya ci shi tara, rabin tarar kuma nasa ne, don haka ba ya gyangyaɗi.

Sauran al'amura ma haka aka bi da su. Masu shanu kan taru sau ɗaya a shekara su zaɓi shugabanni, su ɗauki makiyaya da masu yin cuku, su sa ranar gayya don gyaran hanya da watsa taki. Ƙarshen lokacin kiwo a raba cuku, kowa gwargwadon shanunsa. Itace kuwa ba a sara sai wanda shugabanni suka yi wa alama, a kasa shi kashi kashi, a jefa ƙuri'a. Wannan tsanani ba na rowa ba ne: dajin da ke bisa ƙauye shi ne garkuwar da ke tare zaftarewar ƙanƙara, in an sare shi gidaje ne za su biya.

Yadda labarin Torbel ya fita duniya yana da alaƙa da Nijeriya. Cikin 1960 wani Ba'amurke masanin zaman al'umma, Robert Netting, ya zo ya zauna da Kofyar, manoman duwatsun da ke kudancin tsaunin Jos, ya ga yadda suke gina gonaki hawa hawa, suna tara takin awaki, suna noma wuri guda shekara da shekaru ba tare da ƙasa ta gaji ba. Ya rubuta littafi a kansu cikin 1968. Sai ya so ya ga manoman dutse waɗanda ke da tarihi a rubuce, don ya bi sawunsu baya. Cikin 1970 ya sauka Torbel, ya tarad da takardun filaye tun na 1224, da littattafan coci na haihuwa da aure da mutuwa na wajen shekara 300. Littafinsa a kan ƙauyen ya fito cikin 1981.

A lokacin nan wata magana ce ke tashe tsakanin masana. Cikin 1968 wani mai suna Garrett Hardin ya rubuta cewa duk makiyayar da ta zama ta kowa da kowa ƙarshenta lalacewa, domin kowane makiyayi zai ƙara dabba ɗaya, ribar tasa shi kaɗai, hasarar kuwa ta jama'a. Magani kawai shi ne ko gwamnati ta karɓe, ko a yanka a sayar. Maganar ta shiga kunnen masu tsara manufofi a ƙasashe da yawa. Sai wata malama, Elinor Ostrom, ta fito da littafinta cikin 1990, ta sa Torbel a sahun farko na misalanta, ta nuna cewa ga makiyaya ta jama'a da ta shekara ɗari biyar ba ta lalace ba. Kuskuren Hardin shi ne ya haɗa filin da ba shi da mai shi da filin da ke da masu shi da yawa waɗanda suka san junansu, suka san iyakarsu, suke kuma yin dokarsu da kansu. Cikin 2009 aka ba ta lambar Nobel ta fannin tattalin arziki, ita ce mace ta farko da ta samu.

Sai dai masu yabon Torbel kan manta da farashin da mutanensa suka biya, alhali shi ne rabin labarin. Dokar da ta tsare ciyawa ita ce ta rufe wa baƙo ƙofa. Gado kuwa ana raba shi daidai tsakanin 'ya'ya maza da mata, galibi da ƙuri'a, saboda haka filaye suka yi ta tsagewa har mutum ya mallaki sulusin rumbu ko rabin ɗaki. Don kada abin ya ƙare sam, sai mutane suka riƙa jinkirta aure har kusan shekara talatin, da yawa kuma, maza da mata, suka tsufa ba su taɓa yi ba, rabonsu ya koma hannun 'ya'yan 'yan'uwa. Samarin da ƙasa ba ta ɗauke su ba suka tafi aikin sojan haya a rundunonin sarakunan Turai, har gwamnatin Suwizalan ta hana shi cikin 1859, wasu kuma suka yi ƙaura. Abinci shi ne gurasar wani hatsi dangin alkama, wadda ake toyawa jefi jefi a ajiye ta bushe ƙamas, da cuku, da busasshen nama. Zuwan dankalin Turawa wajen ƙarshen ƙarni na 18 ne ya sa jama'a suka ƙaru sosai. Netting da kansa daga baya ya amsa cewa ya zuzuta rufuwar ƙauyen fiye da kima, domin kuɗin waje da ficewar matasa suna cikin abin da ya riƙe shi.

Wajen 1950 mutanen Torbel sun kusa 700. Daga nan abin ya juya. Hanyar mota da bas suka sa mutum ya iya kwana a gidansa ya yi aiki a masana'antar sinadarai ta Lonza da ke Visp, ya dawo da yamma ya ɗauki lauje. Noma ya koma aikin bayan tashi daga aiki, gonakin hatsi suka zama ciyawa, wasu suka bar shanu suka koma kiwon tumakin nan masu baƙin hanci, waɗanda ba su bukatar tatsa safe da yamma. Zuwa 2000 jama'ar ta sauka wajen 500. Yau kuɗin ƙauyen na fitowa ne daga albashin kwari, da baƙi masu zuwa shan iska da wasan zamiya a kan ƙanƙara a Moosalp, da wata 'yar masana'anta da ke ɗinka jakunkuna daga tsofaffin bargunan soja. Tsofaffin rumbunan katako, waɗanda aka ɗora a kan faya-fayan dutse don ɓera ya kasa hawa, sun zama abin nuna wa masu yawon buɗe ido. Kowace shekara cikin watan Yuni, ranar da aka hau da shanu, jama'a kan cika makiyayar don kallon baƙaƙen shanun yankin suna karo da juna har a sami sarauniyar garke.

Damuwar da ke gaban makiyayun Alps yanzu kishiyar ta 1517 ce. A da tsoron shi ne shanu su yi yawa su cinye ciyawa. Yau tsoron shi ne su yi kaɗan, kurmi ya cinye makiyaya. Kerkeci ma, wanda aka ƙarar da shi a ƙasar tun tuni, ya dawo daga wajen Italiya cikin 1995, kuma cikin 2016 aka tabbatar da garkensa a duwatsun da ke bisa Torbel, inda ya yi wa masu tumaki ɓarna, ya tilasta musu kashe kuɗin shinge da karnukan tsaro. Cikin Disamba 2023 hukumar UNESCO ta sa al'adar hawa da dabbobi dutse ta Suwizalan cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a tsare. Gwamnatin tarayya kuwa biyan manoma take yi don su ci gaba da hawa da dabbobinsu, ta kuma yanka wa kowace makiyaya adadin da ya dace da ita: in an wuce shi a rage kuɗin, in an gaza ƙwarai ma a rage.