Ƙofar armuwar ta tsage da hunturu: a bar ɗora wa katako laifin duka



Makon jiya cikin filinmu na masu sana'ar hannu, wata uwa ta kira rediyo rai a ɓace. Armuwar ɗin da ta sa anka yi wa ɗiyarta ta kayan ɗaki cikin watan Satumba, tun hunturu bai fita ba ƙofa guda ta tsage daga sama har ƙasa, ɗayar kuma allon tsakiyarta sai kaɗawa yake duk lokacin da anka rufe ta. Dangin miji sun gani, kuma kun san ba su yi shiru ba. Da ta koma wajen minizye sai ya ce mata katakon zamani ne ba shi da kirki.

Mu dai ba mu gamsu da wagga amsa ba. Mun shiga atiliye-atiliye mun zauna da masu aikin, kuma abin da munka fahimta shi ne, sau da yawa matsalar tana cikin wani ɗan kwarmi da mai saye ba ya gani ko kaɗan.

Ƙofar armuwar ko ta kabad ɗin kicin, kadir ne na katako huɗu da allo a tsakiya. Allon yana zaune cikin kwarmin da anka fafe a gefen katakon huɗun, shi ne ƴan atiliye ke ce wa renir. Ana fafe shi da tupi, ko da ƙaramin injin hannu da ake kira defonsez, wanda ƴan Najeriya ke ce wa rauta. Haƙorin da ake ɗaura wa injin, wato firez, bai kai tsawon yatsa ba, amma shi ke yanke hukuncin ko ƙofar za ta shekara ashirin ko za ta ba da kunya tun kafin amarya ta yi haihuwar fari.

Katako yana shan laimar iska, yana kuma amayar da ita. Wanda muke aiki da shi, fari da ja, daga ƙasashen kudu masu laima yake zo mana. A nan kuwa, cikin Fabrairu da Maris laimar iska tana sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, a watan Agusta ta haura kashi 60. Allon katako mai faɗin santimeta 40 yana iya tsukewa da milimeta 4 ko 5 tsakanin damina da rani, kuma ta faɗi yake motsi, tsawonsa kusan ba ya canzawa. To idan anka fafe kwarmi mai zurfin milimeta 4, anka cika shi da gam, anka bi da ƙusa, ina allon zai je? Ba shi da wurin motsi, dole ya tsage. Idan kuma ba a manna shi ba amma kwarmin ba zurfi, sai ya fita, a riƙa hango tufafin amarya ta kafar. Abin da tsofaffin ma'aikata ke yi shi ne zurfin milimeta 8 zuwa 10, allon katako ba gam ba ƙusa. In da rani anka yi aikin da busasshen katako, a bar masa milimeta 2 ko 3 kowane gefe, don zai kumbura da damina. In da damina ne, a sa shi ya shiga sosai, don tsukewa ce ke jiransa.

Sai maganar faɗin kwarmin, wanda nan ne anka fi yin ganganci. Minizye ya sayi firez mai milimeta 6 tun shekara biyar, shi ke nan ya zama na kowane aiki. Alhali kwantirfilaken da ake sayarwa da sunan 6, in ka auna shi sau da yawa 5 da rabi za ka samu, wani ma bai kai ba. Rabin milimeta ba komi ba ne a ido, amma shi ke sa ƙofa ta riƙa kuka. Ra'ayinmu a nan a fili yake: allo ake fara saye, a auna kaurinsa, sa'annan a zaɓi haƙori. Wanda ba shi da haƙorin da ya dace, ya ɗauki wanda ya fi siriri, ya bi sau ɗaya, ya juya katakon ya sake bi. Kwarmin zai zauna tsakiya cif, kuma yana iya daidaita faɗin yadda yake so. A gwada kan guntun katako tukuna. Allon ya shiga da turin hannu. In sai an kawo guduma, ya yi matsi.

Wane irin haƙori? Miƙaƙƙen nan da kowa ke da shi yana yi, amma sai ka ɗora inji kan gefen katako mai kaurin santimeta 2, ɗan karkacewa kaɗan kwarmi ya yi ciki. Kuma mai milimeta 6 siriri ne, in anka tilasta masa cin milimeta 10 lokaci guda zai ƙone katako ko ya karye. Sau uku ya kamata a bi. Mu mun fi yarda da mai faifai, wanda ke da fukafukai da rulma a ƙasa. Shi inji kan fuskar katako yake kwance, rulma na bin gefe, zurfin ba ya canzawa ko hannun yaro ne. Sai dai da yake ya fi faɗi, a rage gudun inji. Game da ƙarfen kuwa, a nemi mai bakin karbir. Gam ɗin da ke cikin kwantirfilake da MDF yana dakushe ƙarfe zalla nan da nan, dakusasshen haƙori kuma yage katako yake. Bambancin kuɗin bai kai na allo guda da za a ɓata ba.

Akwai wata magana da ta fi ƙofa muhimmanci, don ta shafi ido da yatsun yaranmu. Mu a lakkol da milimeta anka koya mana awo, amma kayan aikinmu ta hanya biyu suke shigowa. Wasu na awon milimeta ne, ƙotarsu 6, 8 ko 12. Wasu kuma na awon inci ne, kwata ko rabi, wato milimeta 6,35 da 12,7. (Ko allon kwantirfilake mai 122 da 244 da muke saye kullum, ƙafa 4 da ƙafa 8 ne anka juya mana.) Daga kasuwar Katako ta Yamai zuwa kasuwar Dole ta Damagaram, har Ƙofar Ruwa ta Kano inda ƴan Maraɗi ke sari, sai ka samu iri biyun gefe da gefe, kuma ido ba ya raba ƙota mai 6 da mai 6,35. In ka sa mai 6 cikin bakin inji na kwatan inci, za ka ɗaure ka ji kamar ta kama, alhali ba ta kama ba. Injin nan yana juyi fiye da sau 20.000 a minti ɗaya. Haƙorin yana iya zamewa a hankali kwarmi ya yi ta ƙara zurfi ba ka sani ba, yana kuma iya fitowa gaba ɗaya. Mun ga inda anka naɗa wa ƙota takarda don ta cika bakin. Don Allah a bari. Mai zuwa sayen firez ya kwance bakin injinsa ya sa aljihu, ya gwada a gaban mai shago. In za a ɗaura, kashi uku cikin huɗu na ƙotar ya shiga, kuma a zare kuran tukuna.

Mun san abin da minizye zai ce, kuma da gaskiyarsa: mai saye ya zo saura kwana goma biki, ya taya rabin kuɗi, yana so a gama jibi. Wa ke da lokacin barin katako ya sha iska sati uku a inuwa? To iyaye, wanga laifin namu ne. Amma fa duk ƙofar da ta tsage, uwa goma ke ganinta ranar jere ko ranar suna, kuma cikinsu wasu za su ce gara na alminiyom ko na kwali da ake shigowa da shi daga waje. Atiliye guda ya yi sakacin, na unguwa duka su rasa aikin baɗi.

Ita uwar da ta kira mu, mun ba ta shawara ta mayar da ƙofofin biyu a kwance su, a sake fafe kwarmin, a sa sabon allo ba tare da gam ba. Jikin armuwar ɗin lafiyarsa lau. Ku kuma masu shirin kayan ɗaki bana, in kun je duba aiki ku ce a nuna muku kadir ɗin kafin a haɗa shi, ku sa allon da hannunku ku ji yadda ya shiga. Masu atiliye da ba su yarda da mu ba, filin ranar Asabar a buɗe yake, ku kira mu ji ta bakinku.