Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Kwamishinan Lafiya na Jihar Kano kan Koyar da Jinyar Tsofaffi

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata kalma da na ji daga bakin wani ma'aikacin lafiya ranar da na kai mahaifiyata wani asibiti, tana da shekara tamanin da 'yan kai, ta kwana uku ba ta gane jikokinta, sai kiran sunayen waɗanda suka daɗe da rasuwa take yi, ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Alhaji, ai tsufa ne, sai haƙuri." Muka komo gida da ledar maganinta, mai ƙwaya iri bakwai da likitoci uku suka rubuta, na hawan jini da na suga da na ciwon gwiwa da na barci, ba wanda ya san abin da ɗan'uwansa ya rubuta. Sai da mako ya zagayo wata likita ta zazzage ledar nan a kan tebur, ta ware biyu ta ce a daina, ta sa aka auna fitsari aka sami cuta, aka yi magani. Kafin Juma'a Hajiya ta dawo hayyacinta, har ta nemi carbinta.

Ban ga laifin ma'aikacin farko ba, domin mutum ba ya aiki da ilmin da ba a ba shi ba. Jikin tsoho yana da nasa hukunce-hukuncen: ƙoda da hanta sun rage ƙarfi, saboda haka ƙwayar da saurayi zai haɗiya ya wuce kasuwa ita ce za ta kayar da dattijo a banɗaki ya karye a ƙugu, cuta kuma takan zo masa ba zazzaɓi ba raɗaɗi, sai ruɗewa kawai. Malaman ɗibbu na da sun san haka, har Ibn Sina ya keɓe fasali a littafinsa Alƙanun kan tadbirin lafiyar dattawa. A Ingila, tun 1935, likita Marjory Warren ta shiga duba tsofaffin da aka yanke wa ƙauna ɗaya bayan ɗaya, da yawansu suka tashi suka koma gida. Mu kuwa sai 2012 aka buɗe Cibiyar Tony Anenih ta kula da tsofaffi a Asibitin Koyarwa na Ibadan, a 2018 kuma Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar kafa Cibiyar Dattawa ta Ƙasa. Amma doka ba ta juya maras lafiya a gado, sai hannun da aka koyar.

Shawarata, ranka ya daɗe, a fara daga nan unguwarmu, a Asibitin Muhammad Abdullahi Wase, a keɓe wa tsofaffi rana guda a mako da likitansu da ma'aikatan jinyarsu, a tura wasu Ibadan su koyo su komo su koyar, a kuma haɗa kai da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Jami'ar Bayero, yadda ɗalibin likitanci ko na jinya ba zai karɓi shahada ba sai ya zauna gaban tsoho ya saurare shi, ko a asibiti ko a Gidan Gajiyayyu na Shahuci.

Abin da ya fi damuna kuwa shi ne masu jinya na gida, 'ya'ya mata da surukai, waɗanda nauyin birrul walidaini ya rataya a wuyansu dare da rana, alhali ba wanda ya taɓa nuna musu cewa wanda ya kwanta ana juya shi duk bayan awa biyu don kada gyambo ya fito masa a baya, ko cewa gigin tsufa lalura ce ta ƙwaƙwalwa, ba maita ba ce, ba kuma asiri ba ne. A umarci kowane asibitin jiha kada ya sallami tsoho sai an zaunar da mai jinyarsa an koya masa waɗannan da Hausa, an kuma rubuta masa magungunan duka a takarda guda.

Wassalam.

Naka, wani mazaunin Nasarawa GRA, Kano.