Na'ura Ba Ta Yaye Almajiri

A watan Oktoba na 1986 aka sauke labule na ƙarshe a kan wasan Golden Horseshoe Revue, a filin shaƙatawa na Disneyland da ke Anaheim, jihar Kalifoniya ta Amurka. Tun buɗe filin a Yulin 1955 ake yin wasan, sau da yawa a yini, har ya zarce sau 39,000, ya shiga kundin bajinta na Guinness. Shekara uku kafin nan, a 1983, an rufe Merlin's Magic Shop, ɗan shagon dabo da ke kusa da fadar Fantasyland, lokacin da aka sake gina wannan ɓangare na filin. Har gobe akwai Amurkawa masu furfura da ke zancen wuraren nan kamar jiya aka rufe su, wasu kuma na yi musu dariya, wai begen ƙuruciya ne ke damun su. A ganina masu begen sun fi masu dariyar gaskiya, domin abin da aka rufe makaranta ce, ko da yake ba a taɓa kafa mata allo da wannan suna ba.

Babbar shaida ita ce Steve Martin, wanda ya zama ɗaya daga cikin fitattun 'yan barkwancin Amurka. Yana ɗan shekara 10 ya fara tallar littafin jagorar baƙi a Disneyland, yana da 15 ya samu aiki a shagon dabon. Aikinsa shi ne ya tsaya bayan kanta ya nuna wa mai wucewa yadda ƙwallo ke ɓacewa a ƙarƙashin kofi ya ɓulla a ƙarƙashin wani, ko yadda katin da mutum ya zaɓa ke dawowa saman tarin karta, don a ji sha'awa a sayi kayan. Dabara ɗaya zai maimaita tun safe har dare, kuma kowane lokaci idon da ke kallonsa sabo ne. Yaron da ya kafa haɓa a kan kanta yana kallon hannun hagu maimakon na dama, shi ne malami mafi tsanani, don in ya gano inda aka ɓoye ƙwallon ba zai yi kara ba, a gaban kowa zai faɗa. Idan Martin ya samu sarari sai ya shiga zauren Golden Horseshoe ya kalli Wally Boag, wanda ke murɗa balan-balan ya mai da shi kare, ko ya yi kamar an mangare shi ya dinga furzo ƙwayoyin wake a matsayin haƙoransa. Martin ya ba da labarin wannan zamani a littafinsa na 2007, Born Standing Up, kuma duk wanda ya kalli wasanninsa na shekarun 1970 ya ga balan-balan ɗin nan da dabon da ake lalatawa da gangan don a yi dariya. Haka gardi ke koyon kama maciji: bin maigida kasuwa-kasuwa, da kallo, da shan kunya a gaban taro.

Masu filin suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Tun 1963 Disneyland ta fara amfani da mutum-mutumi masu motsi da magana, kuma jirgin Pirates of the Caribbean da aka buɗe a 1967 na ɗaukar dubban mutane a awa guda, alhali ƙaramin zaure sai an jira lokacin wasa. Mutum-mutumi ba ya mura, ba ya neman ƙarin albashi, ba ya tsufa ya yi ritaya kamar yadda Boag ya yi a 1982. Duk wannan gaskiya ne. Amma lissafin ya tsaya rabin hanya, domin yana ƙirga kan da ya shiga ƙofa ne kurum. Wasan na'ura na yau shi ne na jiya, ba ragi ba ƙari. Ɗan dabo kuwa yana jin numfashin taro, ya san lokacin da zai jinkirta da lokacin da zai yi wuf, kuma yaron da ke zaune a layin gaba zai iya ce wa kansa, ni ma zan iya wannan.

Akwai masu cewa ai an ɗauki wasan Golden Horseshoe a fim, tun 1962 ma aka nuna shi a talabijin, kuma yau duk sirrin dabo yana intanet kyauta. To, sirrin ba shi ne sana'ar ba. Ko a wancan zamani ana sayar da shi a kwali da takardar bayani, kuma mafi yawan waɗanda suka saya ba su zama komai ba. Abin da bidiyo ba ya bayarwa shi ne ɗan kallon da zai kama ka, da damar ka sake gwadawa bayan minti biyar a gaban wani. Wannan batu na kwali kuma ya isa amsa ga mai karatun da zai ce me ya haɗa mu da kukan rufe gidan sihiri. Abin da yaro ke saya da kuɗin kashewarsa ya koya a ɗaki, saurin hannu ne da karkatar da hankali, kuma mai yi da mai kallo duk sun san wasa ake yi. Wanda ya taɓa ganin yadda ake ɓoye ƙwallo ma, da wuya ɗan damfara ya ninka masa kuɗi.

Matsalar da ta fi wuyar warwarewa ita ce wanda ya biya kuɗin horon ba shi ke cin ribarsa ba. Martin ya bar Disneyland a farkon shekarun 1960, ya koma gidan wasan Bird Cage na Knott's Berry Farm, kuma sai a ƙarshen shekarun 1970 sunansa ya cika Amurka. Ribar ta tafi ga kamfanonin faifai da na fim da na talabijin. Akawun da ke duba littafin filin ba zai ga wannan a shafinsa ba, abin da zai gani shi ne wuri mai tsada da ke kawo ciniki kaɗan. Shagon dabo na titin Main Street a Disneyland ya tsira, amma takwaransa na filin Disney da ke Filorida, House of Magic, an rufe shi a 1995, aka mai da wurin shagon kayan wasanni.