A Sa Kuɗi a Rubuta Harsunan Maƙwabtanmu Tun Tsofaffin Na Raye

Duk wanda ya shiga Auyo ta ƙasar Haɗeja a yau, Hausa zai ji a kasuwa, Hausa a ƙofar masallaci, Hausa a bakin rijiya. Amma an yi zamanin da mutanen garin ke da harshensu na kansu, Auyakanci, ɗan'uwan harshen Bade da na Ngizim da ake yi a Jihar Yobe. Haka Teshena take, haka Shira ta ƙasar Katagum. Harsunan garuruwan nan uku duk sun mutu, abin da ya saura daga cikinsu bai wuce 'yan kalmomi da aka tsinta aka rubuta ba. A ƙasar Bauchi kuma, Ajawa sun saki nasu harshen tsakanin 1920 da 1940. Duk waɗannan al'ummu harshe ɗaya suka koma wa, wannan da nake rubutu da shi, kuke karantawa.

Jama'a, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Muna alfahari da yadda Hausa ke yaɗuwa, kuma abin alfaharin ne. Kowace ranar 26 ga Agusta, wato Ranar Hausa, muna sa manyan riguna, a yi kiɗa da jawabai a kan bunƙasar harshenmu. Sai dai bunƙasar nan tana da waɗanda take dannewa. Nijeriya na da harsuna fiye da 500, kuma a Bauchi da Gombe da Filato da Kudancin Kaduna da Neja da Kebbi akwai ƙananan harsuna birjik da iyaye suka daina yi wa 'ya'yansu. Babu wanda ya sa musu wuƙa a wuya. Kasuwa ce, da makaranta, da auratayya, da rediyo, da kuma gorin da muke yi wa mutum mu ce "ɗan yare ne", har ya ji kunyar buɗe baki da harshen uwarsa.

Na ga abin nan da idona. Wani maƙwabcina direba ya gayyace ni bikin ƙanwarsa a ƙauyensu da ke gindin dutse a ƙasar Bauchi. Bayan la'asar ya kai ni in gaida kakarsa, tana zaune a kan tabarma tana ɓarar gyaɗa. Muka gaisa da Hausa tsaf. Sai ya ce mini, "Malam, ka ga wannan tsohuwa, ita kaɗai ta rage a unguwar nan mai jin yarenmu sosai." Na roƙe ta ta ƙirga mini daga ɗaya zuwa goma. Ta fara a hankali tana lanƙwasa yatsu, da ta kai bakwai sai ta tsaya, ta rufe ido tana lalube. Jikoki suka kwashe da dariya, suna cewa Kaka tana yare. Ta ja mayafi ta rufe baki. Da aka kori yaran, ta dube ni ta ce, "Ɗana, da wa zan yi shi? Wadda muke yi da ita ta rasu bara." Waya na cikin aljihuna a lokacin, ban ɗauki ko kalma ɗaya ba, na ce sai na dawo. Kafin in dawo Allah ya yi mata rasuwa, Allah ya jiƙanta. Har yau abin na ci mini rai.

Abin da ya tafi da irin waɗannan tsofaffi ya fi ƙirga yawa. Akwai sunayen itatuwa da saiwoyin magani, da sunan kowane tudu da kwari, da labarin inda kakanni suka taso da yaƙin da ya kora su kan dutse, da waƙar niƙa da ta reno. Mu Hausawa ma muna da kaso a cikin asarar. Da yawa daga cikin harsunan nan dangin Hausa ne na jini, 'yan gidan da masana ke kira harsunan Cadi, waɗanda yawansu ya haura 150. Ka saurari mai Bolanci ko Ngizim ko Miya yana faɗin "huɗu" ko "mutu", kunnenka zai gaya maka akwai zumunci. Da irin wannan kwatance ake gano yadda Hausa take shekaru dubbai da suka wuce, tun kafin a fara rubuta tarihi. Duk lokacin da ɗaya ya mutu ba a rubuta shi ba, wani shafi ne na asalin Hausa ya ƙone.

To, wa ke biyan kuɗin rubuta su? A nan ne kunya take kama ni. Shirin da ya fi shahara a duniya wajen ba da tallafin wannan aiki, wanda ake kira ELDP, an kafa shi ne a 2002 a makarantar SOAS ta Landan da kuɗin gidauniyar Arcadia, ya koma Balin ta Jamus a 2021. Da tallafinsa ne wani mai bincike, Stuart McGill, ya zauna da Acipawa na iyakar Kebbi da Neja ya tattara harshensu na Cicipu. A Jamus, gidauniyar Volkswagen ta fara ɗaukar nauyin irin wannan shiri a 2000. Marigayi Farfesa Russell Schuh na Jami'ar Kalifoniya, wanda abokansa Hausawa ke kira Malam Takalmi, ya buga nahawun harshen Miya a 1998. Daga baya shi da Alhaji Maina Gimba na Jami'ar Maiduguri suka jagoranci aikin harsunan Yobe, aka fitar da ƙamus na Bole da Bade da Ngizim da Karekare da Ngamo da Duwai, aka buga su a Potiskum, 'yan asalin harsunan ne kuma suka yi aikin tattarawa. Kuɗin wannan aiki daga hukumar tallafa wa kimiyya ta gwamnatin Amurka ya fito, wato harajin mutanen da ba su taɓa jin sunan Potiskum ba. Mun gode musu, Allah ya saka. Amma har yaushe baƙo zai riƙa ɗaukar nauyin jinyar ɗan'uwanka kana tsaye kana kallo?

Ba masana muka rasa ba. Farfesa Andrew Haruna ya rubuta nahawun harshen Guruntum na Jihar Bauchi. Jami'ar Bayero na da cibiyar nazarin harsunan Nijeriya mai daɗaɗɗen tarihi, akwai sassan harsuna a Zariya da Jos da Maiduguri da Sakkwato, akwai cibiyar harsuna ta ƙasa a Aba. Ɗalibai na nan da himmarsu. Sai dai ɗalibin da ba shi da kuɗin mota zuwa ƙauye, dole ya zauna a ɗakin karatu ya sake tauna abin da aka riga aka tauna a kan Hausa.

Aikin kuma ba na biliyoyi ba ne. Rikoda mai kyau ake buƙata da makirfo da kyamara, da kwamfuta da ɗan faifan sola saboda ƙauyen da babu wuta. A biya kuɗin mota da na acaɓa. A ba tsohon da ya bar gonarsa ya zauna yini guda yana magana ladansa, don haƙƙinsa ne. Inda kuɗi ya fi tafiya shi ne rubutawa: hirar awa ɗaya tana iya cin kwanaki kafin a rubuta ta kalma bayan kalma a fassara, kuma matasan garin ne ya kamata a horar a biya su yi. Daga nan sai ajiya mai tsaro a jami'a da intanet, da ɗan ƙamus da littafin tatsuniyoyi da za a mayar wa masu harshen, su riƙe a hannunsu su ga nasu ma ana rubuta shi.

Kada mu manta ita kanta Hausa ba da iska ta kai inda take a fagen boko ba. Gwamnati ce ta ɗauki nauyin Bargery ya yi shekaru yana yawo yana tattara kalmomi, har ƙamusunsa na Hausa ya fito a 1934. Hukuma ce ta sa gasar rubutu ta 1933 da ta haifar da littattafan Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki. Da kuɗi aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. An yi mana wannan gata, yanzu lokacin da za mu yi wa wasu ne.

Saboda haka ina kira ga hukumar TETFund, mai rabon kuɗin bincike ga manyan makarantu, ta ware kaso na musamman kowace shekara don harsunan da masu yinsu suka ƙaranta, a fara da waɗanda tsofaffi kaɗai suka rage. Gwamnoninmu na Bauchi da Gombe da Filato da Kaduna da Yobe da Neja da Kebbi da Adamawa da Taraba, ku sa wannan a kasafin kuɗi, ku kuma saki kuɗin. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 2022 zuwa 2032 a matsayin shekaru goma na harsunan asali, ga shi lokaci na ta tafiya.

Attajiranmu na Kano da Kaduna da Bauchi, ku ne na fi sa wa rai. Kun gina masallatai, kun haƙa rijiyoyi, kun biya wa marayu makaranta, Allah ya karɓa. Ku ɗauki nauyin ɗalibi ɗaya ya rubuta harshe ɗaya. Malamanmu na addini, ku tuna wa jama'a cewa a cikin Suratur Rum Allah ya lissafa bambancin harsuna cikin ayoyinsa, don haka yin yare ba ya rage wa kowa imani. Iyayenmu sarakuna, kun fi kowa sanin ƙauyukan da ke ƙarƙashinku da harshen da ake yi a kowanne. In kuka ce a buɗe wa masu bincike ƙofa, za a buɗe.

Kai kuma mai karatu, in a gidanku akwai tsoho ko tsohuwa mai wani harshe da kai ba ka iya ba, kada ka jira gwamnati, kada ka ce sai ka dawo. Ka je wannan makon da wayarka, ka nemi izini, ka zauna a ƙasa kusa da su. Ka sa su ƙirga, su faɗi sunayen dangi da na hatsi da na dabbobi, su ba da tatsuniya, su yi waƙa in sun yarda. Ka rubuta sunan gari da kwanan wata, ka ajiye a wuri biyu, sannan ka kai kwafi ɗaya sashen harsuna na jami'ar da ta fi kusa da kai.