Filin Shari'a: Wa'adin Wanda Ake Bi Bashi Ya Koma Kwana Goma

Masu iya magana na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. A Dawce ta ƙasar Kance, kamar sauran garuruwan da ke cin kasuwar Matamaye, galibin cinikin gyaɗa, wake da hatsi bisa amana yake tafiya: a ɗauki kaya yau, a biya kasuwa mai zuwa ko kuma da kaka. Amma ran da amana ta ɓaci, magana takan tashi daga zauren mai gari ta koma jastis, inda ake aiki da takarda da ƙidayar kwanaki. To, ƙidayar nan ta sake, kuma ya wajaba lauyoyi, ƴan kasuwa da ma'aikata su san da haka.

Nijar tana cikin ƙasashen da suka sa hannu kan yarjejeniyar OHADA a birnin Port-Louis ran 17 ga Oktoba 1993, domin dokokin kasuwancinsu su zama iri ɗaya. Ran 10 ga Afrilu 1998, a Librebil, ƙungiyar ta fito da dokar da ta tsara gajeriyar hanyar karɓar bashi. Dokar nan ce aka sabunta a Kinshasa ran 17 ga Oktoba 2023, sabuwar ta fara aiki ran 16 ga Fabrairu 2024.

Ga yadda hanyar take. Mai bin bashi, shi da kansa ko ta hannun lauyansa, yana shigar da koke a rubuce gaban kotun wurin da wanda ake bi yake zaune, haɗe da takardun shaida. Wajibi ne bashin ya cika sharuɗɗa uku: ya tabbata babu tantama, a san adadinsa daidai, kuma lokacin biyansa ya yi. Sannan dole ya samo asali daga yarjejeniya, ko daga takardar kuɗi irin cek da banki ya ƙi biya. In alƙali ya gamsu, sai ya ba da umurnin biya, ba tare da ya kira wanda ake bi ya ji ta bakinsa ba. Daga nan wisiye, wato ma'aikacin shari'a mai kai sammaci, ya kai masa takardar.

A nan ne gyaran ya fi tsanani. A dokar 1998, wanda aka kai wa takarda yana da kwana 15 ya shigar da ƙin amincewarsa. Yanzu kwana 10 ne. Wa'adin ɗaukaka ƙara kuwa ya sauko daga kwana 30 zuwa 15. In ya yi jayayya cikin lokaci, kotu za ta fara neman sulhu, sai in sulhu ya gagara a yi shari'a. In kuwa ya yi shiru har wa'adi ya cika, mai bin bashi na iya neman a buga wa umurnin hatimin zartaswa, abin da ke buɗe ƙofar kama dukiya.

Kwana goma a Yamai abu ne mai sauƙi, tunda can ne mafi yawan lauyoyin ƙasa suke. A Dawce ba haka ba ne. Takarda tana zuwa da Faransanci. Kafin a sami mai karantawa, a yi shawara da dangi, a nemo lauya daga Damagaram ko daga Yamai mai nisan kimanin kilomita 900, rabin wa'adi ya tafi. Wasu kuma sukan garzaya wurin sarki neman sulhu. Sulhu alheri ne, kuma doka ta ba sarakunan gargajiya ikon yin sa, amma zaman fada ba ya tsayar da ƙidayar kotu. Ko da mutum ya riga ya biya rabin kuɗin, shirunsa na iya sa a bi shi duka.

Ma'aikacin gwamnati ma bai tsira ba. Mai riƙe da takardar zartaswa na iya neman a riƙa yankan albashi, sai dai da sharaɗi biyu: a fara gwada sulhu gaban kotu, kuma wani kaso ne kawai doka ta yarda a taɓa, domin a bar wa iyali abin ci.

Shi ma mai bin bashi yana da nasa wa'adin. In wata uku ya wuce ba a kai wa wanda ake bi takardar ba, umurnin alƙali ya mutu. Haka nan dokar kasuwanci da aka sabunta a Lome cikin 2010 ta sa shekara biyar ga yawancin basusukan kasuwanci, shekara biyu kacal ga cinikin kaya tsakanin ɗan kasuwa da ɗan kasuwa. Kunya da kawaici kan ci waɗannan shekaru ba a ankara ba. Ban da haka, Nijeriya ba ta cikin ƙasashe 17 na OHADA. Wanda ya ba da kaya bashi ga mazaunin Daura ko Kano, ta kan iyakar Ɗan Barto, wannan gajeriyar hanya ba za ta kai shi can ba.

Maganin duka a takarda yake. Aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Suna, adadi, ranar biya da sa hannu ko dangwale sun isa su raba gardama. Wanda kuma wisiye ya miƙa wa takarda, ya rubuta kwanan watan ranar, ya kwana da shirin zuwa wurin magatakardan kotu da safe.