Ɗan garba ba abin dariya ba ne

Mai karatu, in kana zaune Cadakori ko wani ƙauye na kewaye, ka san abin da ke faruwa in an gama girbi. Ana zuba damman hatsi rumbu, sai samari su ɗauki jaka su nufi tashar Maraɗi. Wasu su yi Najeriya, wasu su yi arewa, wasu su gangara kurmi har bakin teku: Kwatano, Lome, Akra, Abijan. In ka tambayi uban yaro me ɗansa ke yi can, sai ya ce maka, "Kasuwanci." Ya yi shiru daga nan. Abin da ba ya so ya faɗi shi ne ɗansa kifi yake soyawa, ko nama yake gasawa, yana saida wa mutane su ci.

To, wanga shiru shi ne nake so mu yi magana kansa, don cuta ce, kuma mu ke cutar kanmu.

Bari in fara gaya maka yadda wuraren suke. Gabas da Abijan, tafiyar kamar kilomita 40, akwai wani gari Garan-Basam, inda Faransawa suka fara kafa hedkwatarsu a 1893. Ran Asabar da Lahadi mutanen birni kan kwararo nan su sha iska. An jera rumfunan ciyawa kan rairayi, da kujeru da tebura, ana gasa kifi da kaji, ana soya ayaba. Haka yake a Fijirose ta Kwatano, haka a bakin tekun Lome, haka a Labadi ta Akra. Mai kuɗi ya zauna cikin rumfa a kawo masa takardar abinci ya zaɓa. Talaka kuwa ya tsaya bakin hanya inda hayaƙi ke tashi. Je ka duba wa ke tsaye bayan wannan hayaƙi da wuƙa a hannu. Sau da yawa in ka yi masa sallama da Hausa zai amsa maka da Hausa. Mutanen Gana na ce wa namansa cicinga, na Binin su ce cacanga, na Abijan su ce sukuya. Duk tsire ne da balangu irin namu, da yajin ƙuli-ƙuli irin wanda matanmu ke dakawa.

Sai garba. Wanda bai je Kodebuwa ba zai zaci sunan mutum ne kawai. Can sunan abinci ne. Ana samun acake, wato rogo da aka gurza aka tsimar aka turara har ya yi kamar dambu. A ɗora masa yankan wani babban kifin teku da suke kira ton, soyayye. A yanka albasa da tonka ɗanye, a barbaɗa dunƙulen Maggi, a zuba cokalin man suyar bisa. Da hannu ake ci. Ɗan lakwal, da lebura, da direba, da ma'aikacin gwamnati in wata ya yi nisa, duk da shi suke karyawa. Tambayi ɗan Abijan su wa suka yaɗa wanga abinci cikin birninsu, zai ce maka Hausawan Nijar. An ce sunan Garba nasu ne ya bi abincin, har rumfar da ake saida shi ta zama garbadorom.

Ka ji fa. Birni mai mutane miliyoyi ya raɗa wa abincinsa sunan ɗanmu. Acaken nan kuwa, a watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya, mutanen Kodebuwa suka yi ta murna. Mu kuwa nan gida, in yaro ya dawo, sai a zauna gindin bedi ana ƙyafta ido ana cewa, "Ga mai warin kifi nan." In ya nemi aure a ce a bincika tukuna, an ji tukunya yake riƙo kamar mace.

Masu wanga magana, ina da tambaya gare ku. Buhun hatsin da ya shigo gidanku cikin watan Yuli, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, da kuɗin me aka saye shi? Kwanon da aka rufa ɗakin tsohuwa, da ragon suna, da maganin da aka sayo ranar da aka kwantar da jinjiri likita, daga ina? Dattawa ba su manta da yunwar 1984 ba, wadda aka raɗa wa El Buhari. Ƙanana sun ga ta 2005, wadda ta fi tsanani nan jihar Maraɗi. Gidan da ke da ɗa a kurmi ba daidai ya sha ta da gidan da ba shi da kowa ba. Ranar da aka kira ku a ce an aiko kuɗi, ba wanda ke toshe hanci. Wannan shi ne ana so ana kaiwa kasuwa.

Wani zai ce fawa gado ce, ɗan manomi ba ya taɓa wuƙar mahauci. Da can, sa'ad da gyaɗa ke da daraja, SONARA na auna buhu tana biya, manomi na iya wannan taƙama. Farin 1973 ya zo, gyaɗa ta faɗi, gonar da uba ɗaya ya noma yau ƴaƴa bakwai ke rabonta. Asali bai taɓa cika wa kowa ƙwarya ba. Wani kuma zai ce bakin teku wurin giya ne da tsiraici. Akwai wannan, ba a musu. Amma mai tukuba ba giya yake saidawa ba, yawancin ƴan garba ma cikin unguwanni suke, kusa da tasha da lakwal, nesa da ruwa. Mai son lalacewa ba sai ya je teku ba, Maraɗi ma ta ishe shi.

In ana neman abin kunya cikin wanga sana'a, akwai shi, amma ba shi ne ake faɗi gindin bedi ba. Man suya ne da wasu ke maimaitawa har ya yi baƙi kamar na mota. Hannu ɗaya ne da ke karɓar kuɗi, shi ke yanka albasa. Mutanen can sun daɗe suna kuka da haka, kuma da gaskiyarsu. Ga shi yanzu ƴan ƙasar sun shiga sana'ar. Suna buɗe shago mai tsabta da fanka da allon suna, suna saida garban nan da tsada, masu kuɗi na cika wurin. Suna namu, riba tasu. Yaronmu yana nan bakin kwata da tebur mai ƙafa uku, sau da yawa ma teburin na wani ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Me ya hana shi gaba? Kunyar da muka ɗora masa na ciki. Wanda ke ɓoye sana'arsa ba ya gina ta. Abin da ya tara ba zai sa shi cikin firji ko hayar shago ba. Zai sayi babbar salula da shadda da babur, don in ya sauka Cadakori a ce ɗan kasuwa ne. Kafin damina ta ƙare kuɗin sun ƙare, ya koma yaron wani kamar bara.

Zaman can kuwa ba tabbas gare shi ba. Gana ta kori baƙi a 1969, Najeriya ta kora a 1983. A 2017 aka share rumfunan bakin titi a Kwatano. A 2024 hukumar Abijan ta rushe unguwanni, ta hana talla kan manyan hanyoyi. A 2023 aka rufe gadar Gaya, masu zuwa Kwatano suka koma ƙetare kogi cikin jirgin ruwa da kayansu bisa kai. Duk ranar da irin haka ta faru, mai tebur bakin hanya shi ake fara kwashewa. Mai shago da takardar haya yana da inda zai tsaya ya yi magana.

Albasar da ake yankawa kan garba, mai yawa daga Galmi take zuwa. Ragunan layya na Abijan, da namu ciki. Gyaɗar yaji muna nomanta nan. Da ana zama da yaran nan ana tambayarsu kamar yadda ake tambayar mai fataucin shanu, da tuni wani ya gane cewa ƙanensa na iya aika masa ƙuli-ƙuli da tonka daga gida, maimakon ya saya hannun wani.

Saboda haka bana, in ɗanka ko ƙanenka ya dawo noma, kira shi zaure gaban mutane. Tambaye shi nawa yake sayen kifi, nawa ke rage masa in rana ta faɗi, teburin nasa ne ko na wani, kwana nawa yake yi kafin ya zubar da mai. In na wani ne, ku lissafa tare nawa zai kai shi ga nasa, kafin a yi maganar babur.