Magana a kan Masu Cewa "Na Ji Malam Ya Ce"

Ya 'yan'uwa malamai da almajirai, ku sani ji daban, saurare daban. Ji aikin kunne ne, ba ya bukatar niyya. Mai wucewa ta ƙofar makaranta yana jin karatu, jakinsa ma yana ji. Saurare kuwa sai an kame baki, an tattara zuciya, don haka aya ta 204 cikin Suratul A'arafi ta gama umarni biyu, saurare da yin shiru.

Shi sauraren ma ba iri guda ba ne. Akwai na mai ɗauka, almajiri a zaure yana jan baƙi, malam yana fassarawa, shi yana cewa na'am. Akwai na mai gyara, kamar gwani a wurin musaffa, idonsa a rufe kai ka ce barci yake, amma wasali guda ya karkace sai ka ji gyaran muryarsa. Akwai kuma na mafarauci, wanda ya zo majalisi don ya kama malam da kalma. Wannan tun bai zauna ba ya gama hukunci.

Magabata ba su yi wasa da wannan babi ba. Alƙali Iyalu mai Ashafa, wanda ya rasu shekara ta 544 ta Hijira, ya lissafa hanyoyi 8 na ɗaukar hadisi, ya rarrabe ji daga bakin shaihi da karantawa a gabansa da ijaza. Ku dubi Yahaya ɗan Yahaya Allaisi, mutumin Andalus, wanda riwayarsa ta Muwaɗɗa muke karantawa a ƙasar nan. Ya zauna gaban Imamu Malik a Madina, amma 'yan babuka a ƙarshen Littafin Itikafi ya yi shakkar ko ya ji su daga bakinsa. Sai ya ruwaito su ta hanyar Ziyadu ɗan Abdurrahman, ya bayyana haka a fili, alhali da ya yi shiru ba mai kama shi.

To, yau fa? A ɗauki tafsirin azumi na sa'a biyu, a yanke rabin minti, a watsa ta WhatsApp, kafin la'asar unguwa ta rabu biyu. Wataƙila malamin yana kawo shubuha ne don ya rushe ta, aka yanke rusawar. Na ga 'yan'uwa ciki ɗaya sun bar gaisawa kan irin wannan guntu. Ban zargi na'urar ba, gama ta kai karatu ga mata cikin gida da tsofaffi da marasa lafiya. Mai isarwa nake zargi.

Ni dai duk almajirin da ya ce mini ya ji malam wane ya ce kaza, tambaya uku nake yi masa: a majalisi ka ji ko a waya, me ya faɗa kafin wannan, me ya faɗa bayansa? Kadan ya kasa, sai in sa shi ya nemo karatun ɗungum, mu zauna mu saurara tare bayan isha'i. Wassalam.